Ƙofofin Maɓalli Arba'in da Takwas

Yayata ta shekara goma sha ɗaya tana aiki a ɗakin ƙarshe na wani dogon baranda a asibiti. Tebur biyu ne a ɗakin, kujeru shida, da kwando cike da cokula da kofunan roba da igiyoyin takalmi. Ba ta allura, ba ta rubuta magani. Wanda ciwo ya kayar shi ake turo mata, ta koya masa yadda zai koma yi wa kansa hidima: riƙe cokali, sa riga, shiga banɗaki ba tare da an tallafe shi ba. Mama ce ta fara kiranta Likitar Maɓalli, sunan ya bi ta har wurin aiki.

Tana da shekara sha shida mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki. Shekara huɗu ya yi a haka, kullum Mama na ɓalla masa maɓallin riga, shi kuma yana kawar da kai yana kallon bango. Yaya ba ta taɓa cewa abin da ya kai ta wannan aiki ke nan ba. Amma da ta shiga karatun digiri na uku, a kan maɓalli ta tsaya.

Ga tsarin binciken. Masu shanyewar ɓarin jiki, mako sha biyu na horo, wasu ranar Talata wasu ranar Alhamis, kowane mako a auna lokacin da mutum zai ɗauka ya ɓalla maɓalli shida. Farfesan da ke duba aikinta ya so a yi gwajin da rigar asibiti guda ɗaya. Yaya ta kafe a kan kowa ya zo da tasa, domin ita zai sa a gida. Wata biyu suna ja kafin ya sakar mata. Jami'a kuma ta kafa sharaɗi biyu: mutum talatin, ko ɗaya kada ya ragu, sannan a miƙa kundin binciken cikin shekara biyar.

Da talatin da bakwai ta fara. Uku suka ƙaura, biyu suka rasu, biyu suka daina zuwa. Saura talatin cif. Tun daga nan ko tari ta ji wani ya yi a layi sai ta taso ta duba shi.

Mutum na sha tara a jerin wani dattijon tela ne, hannunsa na hagu ya shanye. Sau biyar Yaya na miƙa masa allura da ƙyalle, sau biyar yana ture su.

"'Yata, shekara arba'in ina ɗinki," in ji shi. "Ba zan zauna ina wasan yara a gabanki ba."

Makon farko minti huɗu da daƙiƙa arba'in ya yi. Mako na takwas, uku da hamsin. Mako na tara kuwa, minti ɗaya da talatin da biyar. Kafin mako na sha biyu wasu bakwai sun bi sahunsa. Ni nake shigar mata da lambobin a kwamfuta ranar Asabar, saboda haka ni na fara ganin abin.

"Yaya, mutum takwas ɗin nan duk 'yan ranar Talata ne."

"To sai me? Baƙin ciki kike musu?"

"'Yan Alhamis fa? Su ba hannunki ba ne?"

Saura kwana sha tara a miƙa kundi.

Ranar Talata ta zo asibiti da wuri. Ta tarar da tela a bencin jira da tabarau a kan hanci. Ya danne wata riga a cinya da shanyayyen hannun, yana zura allura da na dama. Wani tsohon direba na zaune gefensa daga shi sai singileti.

"Baba, me kake yi?"

"Gyara, 'yata. Wanda ya ɗinka rigar nan ba ya tsoron Allah. Dubi ƙofar maɓallin da ta rage mini, ko mai hannu uku ba zai shigar ba."

"Riga nawa ka taɓa?"

"Da tawa takwas. Kowace ƙofa na ƙara mata kaɗan, na daje bakin."

Direban ya ce, "Likita, ki sa masa albarka. Jiya matata ta zo ɓalla mini, na ce Hajiya, koma kicin, an sallame ki daga aiki."

Suna ta dariya, Yaya ta nemi kujera ta zauna. Riga takwas, ƙofa shida-shida, arba'in da takwas ke nan. Rigunan da aka auna da su a farko ba su ne na ƙarshe ba, don haka lambobin mutum takwas sun lalace. Talatin ta koma ashirin da biyu.

Kwana uku ba ta cin abincin kirki. Ta buɗe kundin, shafi ɗari biyu da sha huɗu, ta rufe. Babu wanda ya sani sai mu biyu da tsofaffin. Ni ce ma na faɗa mata haka, ba na jin daɗin tunawa.

"Wa zai je ya auna rigar mutane, Yaya?"

"Wata mai irin aikina za ta karanta, ta yi wa nata marasa lafiyan yadda na rubuta," in ji ta. "In ba su samu sauƙi ba ta ce su ne ragwaye."

Ranar Juma'a ta aro riguna biyu ta kai ofishin Farfesa. Ta ce mini matakala talatin da biyu ne zuwa ofishin, kuma sau biyu tana tsayawa kamar ta juya. Farfesa ya ɗauki rula ya auna ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, sannan ya dube ta.

"Da na ce rigar asibiti fa?"

"Ka faɗa, ranka ya daɗe."

"Takwas ɗin nan sun fita. Ki nemo wasu, ki faro musu daga mako na ɗaya. Zan rubuta a ƙara miki lokaci, amma ban yi miki alkawari ba." Ya sake ɗaga rigar. "Wa ya riƙe masa ƙyallen?"

"Shi da kansa. Da hannun da ya shanye."

"Wanda kika rubuta cewa ya ƙi allura sau biyar? To wannan ma babi ne. Ki je ki tambaye shi nawa ya ƙara wa kowace ƙofa."

Kwana ashirin da shida ta jira amsar jami'a, ta rame har zobenta na zamewa. Aka ba ta wata shida, da gargaɗin cewa babu ƙari bayan wannan. Yanzu ta samu mutum biyar, tana neman uku, kuma in ba ta same su cikin mako bakwai ba lissafin ba zai fita ba. Wayarta ba ta barin hannunta.

Tela yana nan yana zuwa duk Talata da gwangwanin zarensa. Yaya ta kafa masa doka: kada ya taɓa rigar kowa sai mai ita ya cika mako sha biyu. Makon jiya ta kama shi yana shafa wuyan rigar wani sabon zuwa.

"Baba!"

"Kallo kawai nake, Likita. Saura masa mako nawa?"

"Tara."

Ya mayar da allurar cikin gwangwani, ya dubi mutumin. "Ka yi haƙuri, ɗan'uwa. Sai ta gama karatun nan ta zama dakta."