Fitilun da Ɗana Ya Ƙara wa Babur

A shekarun da aka kwaso ma'aikatan gwamnati daga Legas aka zube su a Abuja, ɗana na biyu ya ajiye fartanya ya sayi babur. Ban hana shi ba. Baƙin sun cika Karu da Nyanya, ba su san hanya ba, kuma ko nan da bakin titi ba sa iya zuwa da ƙafa sai an ɗauke su. Mu muna Orozo, doya muke nomawa, mu mata kuma a kafaɗa muke ɗaukar kaya kamar yadda iyayenmu suka yi. Ranar kasuwar Karshi tun gari bai waye ba muke fita a jere, ni da maƙwabciyata a gaba. Tun muna amare muke wannan tafiyar tare, ba mu taɓa kwana da fushin juna ba.

Babur ɗin ya zo da fitilarsa guda ɗaya, lafiyarta lau. Amma ya ga 'yan acaɓa a Nyanya sun ƙara wasu, sai ga shi da guda biyu masu kama da murfin kwano, da wani mai wayarin da ya biyo shi har tsakar gidana.

Ban taɓa ganin ƙazamin ma'aikaci irin mutumin nan ba. Da haƙori yake ɓare waya, ya tofar da robar inda ya ga dama, kusa da kuɓewar da na shanya. Da hannunsa baƙi ƙirin da mai ya ɗauki moɗata ya tsoma a randa, bai ko tambaya ba. Ya ja waya daga batir ta ƙarƙashin tanki zuwa hannun babur, ya murɗa bakinta da yatsu. Da salatef ya ƙare masa, ledar burodi ya yaga ya naɗe sauran. Akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar wake da ya zo tare da fitilun, ya jefar da shi. Na tambaye shi mene ne, ya ce fis ne, yawan ƙonewa yake yi, ɓata lokaci ne kawai. Na tsince shi na ƙulle a bakin zanina. Abin da aka sako cikin kwali ba don ado aka sako shi ba.

Da magariba suka juya babur ya fuskanci rumbuna. Mutumin ya ɗauki gawayi ya ja layi a jikin rumbun, shi ma ba izini, ya yi ta karkata fitilun har haskensu ya sauka a kan layin, ya ɗaure noti ya ce an gama. Na ce to ai ba kowa a kan babur ɗin. Suka kalli juna suka yi dariya.

"Mama, wannan ba aikin doya ba ne," in ji ɗana.

Na kwashe kuɓewata na wanke.

Akwai wani oga mai ƙiba da yake haya a Karshi yana aiki a cikin gari, ɗana ne ke zuwa ɗauko shi da sassafe. Ranar kasuwa ta gaba muna tafe da doya a kafaɗa, sai muka hango ɗana ya taho da ogan a baya. Hasken bai bi ƙasa ba, idonmu ya nufa kai tsaye. Ni na tsaya cak na runtse. Maƙwabciyata ta matsa gefe don ta ba shi hanya, ba ta ga ramin da ruwa ya zaizaye ba, ta afka ciki da kayanta. Shi kuwa ya danna mana ham ya wuce, a tunaninsa gaisuwa ya yi.

Ƙaurinta ya tsage, wuyan hannunta ya kumbura nan take. Na kai hannu zan ɗaga ta, ta janye. Da hannu ɗaya ta tsince doyarta, waɗanda suka karye ta bar su a ramin. A kasuwa can nesa da ni ta shimfiɗa buhunta. Kwana huɗu ina gaishe ta ta kan katanga, ba amsa. Surukarta ce ta faɗa mini a bakin rafi cewa ta ce duk garin nan babur mai fitila uku na gida ɗaya ne, kuma uwarsa na zaune aka ɗaura.

Gaskiya ta faɗa, shi ya fi ci mini rai.

Da na tare ɗana, ya ce an auna, ga layi nan a rumbu, idan ina shakka in duba. Na ce zan duba. Da rana ta faɗi na sa ya ajiye babur a inda suka ajiye rannan ya kunna. Hasken ya sauka a kan layin, ya dube ni yana murmushi. Na ce ya hau. Na sa yayansa ya ɗora masa buhun doya a baya, na ce a ƙara wani, don ogan nan ya fi buhu ɗaya. Bayan babur ya nutse, gaba ya ɗaga, hasken ya bar layin gawayi ya haye har jinkar rumbu.

Na bar shi ya kalla. Duk wanda ya taɓa ɗaukar kaya ya san jiki ba ya tsayawa yadda yake da kaya sun hau. Shi da mai wayarin ɗinsa sun auna babur yana hutawa.

Ya sauka zai kwance noti, sai wani wari ya taso kamar an ƙona takalmi. Ledar burodin ta narke ta manne da waya, wayar kuma tana kwance a ƙarƙashin tankin mai, wurin da yake ɗora cinyarsa kullum. Na kwance bakin zanina na miƙa masa fis ɗin. Washegari ya sayo salatef ya warware komai ya sake haɗawa a gabana, da wuƙa ya ɓare wayar, don na ce kada in ga haƙori.

Saiti kuwa na ce ba a rumbu za a yi ba. Da duhun magariba ya fara na ɗauki kwandona a kafaɗa na fita na tsaya a kan hanya, daidai ƙofar maƙwabciyata. Tana zaune a kan turmi, hannunta a ɗaure da tsumma. Ɗana yana can nesa a kan babur da buhu biyu a baya, yayansa riƙe da sifana. Na ce su yi ta sauke fitilun har sai hasken ya bar fuskata ya koma gwiwata. Suka sauke ta dama, suka taɓa ta hagu, ya ɗaga murya yana tambaya ko ya yi.

Kafin in amsa, sai na ji ta daga bayana.

"Ce masa ta hagun har yanzu tana shiga ido."

Ni ta yi wa maganar, ba shi ba. Na faɗa masa, ya sauke. Ta taso ta zo ta tsaya a gefena, ta duba da kanta, ta ce ya ɗan ƙara. Da ta gamsu ta tambaye ni ko gobe da wuri za mu fita, na ce da wuri, kuma ɗana ne zai kai mata doyarta Karshi har hannun ya warke, ogan ya nemi wani.

Bayan kwana biyu na ji shi a gindin mangwaro yana koya wa abokan acaɓarsa cewa ba a saita fitila sai da kaya a baya, wai shi ya gano. Na wuce su da tulu a kafaɗa. Layin gawayin nan kuwa ni na goge shi daga rumbuna, ba wanda ya tuna.