Baƙon da Sama'ila Ya Zaga da Shi

A ƙasar Daura, in aka ce inshora Sama'ila ake nufi. Tun yana saurayi wani babban kamfani ya ɗauke shi wakili, lokacin da mutanen Mashi da Dutsi ba sa ko son jin sunan abin. Shi ya bi su har gona a kan babur, ya sha furarsu, ya je sunansu da jana'izarsu, har suka yarda suka yi wa shanu da babura inshora. Ina ruwansu da kamfani? Fuskar Sama'ila suka sani.

Bara aka turo wani jami'i daga hedikwata, Mansur, wai ya zo ganin yadda aiki ke tafiya. Sama'ila kuwa ba ya barin baƙo a otal. Ya sauke shi a gida, matarsa Laraba ta dafa masa zakara. Kashegari ya goya shi a babur suka bi ƙauyuka, duk zauren da suka shiga sai ya kama hannunsa ya sa a hannun maigida.

"Wannan ɗan'uwana ne. In ya kira ku, ni na kira."

Mansur na ta murmushi yana adana lambobin waya.

Kafin damina ta faɗi aka rufe ofishin Daura. Wai garambawul, komai ya koma ta waya, ba a buƙatar wakilai. Sama'ila ma ta wayar aka sallame shi, babu ko sannu da ƙoƙari. Mansur da ya ci abincin Laraba har da neman ƙari, ko gaisuwa bai aiko ba. Wallahi wannan cin amana ne, su kira shi duk abin da suka ga dama.

Sama'ila ya koma acaba da babur ɗin nan, can Mashi, don kada 'yan unguwa su gani.

Ranar kasuwa Malam Jibril, dattijon da ya fara ba shi amana a Mashi, ya hango shi.

"Sama'ila! Ɗan'uwan nan naka ya kira ni. Na ce tunda kai ka kawo shi, ba musu. Na sabunta, har ƙannena na sa suka shiga. An ƙara maka girma ko?"

Gaskiyar ta zo masa baki, kunya ta mayar da ita. Yaya zai ce wa dattijo ya miƙa shi ga mutumin da shi kansa bai sani ba?

"Alhamdu lillahi, Baba."

"Madalla. To, rage mini hanya."

Ya kai shi har ƙofar gida. Dattijon ya sa masa albarka ya shige, bai san haya ya hau ba.