Rawar Hannu a Bakin Tiya

Shekarar da aka yi mini aikin maƙoƙo, likita ya ɗora ni kan wata 'yar ƙwaya da zan riƙa sha kullum kafin in karya. Bayan wata biyu ya ƙara mini ƙarfinta, jikina kuwa bai karɓa ba. Zuciya ta riƙa bugawa kamar na yi gudu, ga zufa, ga rawar hannu.

Awon masara nake yi a kasuwar Funtua, kuma ban daina fita ba, sai dai in ɗan zauna idan bugun ya yi yawa. Sai ciniki ya buɗe. Masu saye suka riƙa wuce maƙwabtana suna zuwa wurina, kowa da "Malam, ya jiki?" Na ɗauka tausayi ne.

Sai da likita ya rage maganin, hannun ya tsaya, sannan wani tsohon mai awo ya gaya mini dalili. Rawar hannuna ce ke girgiza tiya, masara ta zauna, tiyar ta ci fiye da ƙa'ida.

Na warware sarai yanzu. Har yau babu wanda ya dawo ya yi mini barka.