Baba Yusif da Kaset ɗin Inna

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 1997, aka bugo mini waya daga Lewisham cewa Allah ya karɓi ranka, Baba Yusif Saani, bayan jinyar kwana tara. Duk Bahaushen unguwar Catford, nan ƙasar Turawa, ya san ka, mutumin Kumasi mai gyaran bidiyo. Ni kuwa abin da ka yi mini ya wuce gyara.

A 1991 Inna ta rasu a Kano, ban samu zuwa ba. Bayan wata biyu ƙanena ya aiko da kaset, ya ce an ɗauke ta a wani taron suna tana yi mini magana, kuma babu wani kwafi. Na saka shi a bidiyo. Murya ta fito, fuska babu, sai yayyafi fari. Maƙwabciyata ta ce kan bidiyon ne ya yi datti, a goge shi da sifirit. Ba ni da sifirit, amma ina da turaren mai na Makka. Na kwance murfi na shafe kan nan da shi, har da ƙari, ina ganin na iya.

Allah ya sa na kira ka kafin in mayar da kaset. Kana shigowa ka shaƙi iska ka ce, "Jamilatu, bidiyon zai tafi Juma'a ne?" Ka yi dariya, sannan ka gaya mini da na saka, da man ya kama zaren ya cukurkuɗe shi.

Ka zauna a ƙasa da 'yar kwalbarka ta sifirit da ƙyallen fata mai laushi. Ka ɗora ƙyallen, kana juya gangar da kan yake jiki a hankali da yatsa ɗaya, kana gargaɗina kada in taɓa gogewa sama da ƙasa, kan zai karye. Sau bakwai ka canza ƙyalle. Na ƙosa har ina zagaya ɗakin, amma ka ƙi taɓa kaset ɗina sai da ka gwada tsohon naka na ƙwallo. Sannan ka saka nawa.

"Ga Hajiya ya fito!" in ji ka, da Hausarka ta Zangon Kumasi. Ga Inna kuwa, da mayafinta kore, tana gyara zama tana kiran sunana. Na yi tsalle, na yi guɗa, na yi kuka. Ban taɓa farin ciki irin na ranar ba. Da na waiwaya, har ka fita ka bar mu mu gana.

Jiya matarka, Hajiya Katumi, ta saka kaset ɗin da aka ɗauke ka ranar Sallah, sai yayyafi. Na ɗauko kwalbarka na zauna a ƙasa, na juya gangar yadda ka koya mini. Ka fito kana dariya, Baba.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Hajiya Katumi da yara, Anatu da Abdul-Rahaman, Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Amin.