Kakar da ta karya hannun Ukasha

In ka je kasuwar Ataba a Alƙahira sayen kaya, kana iya cin karo da wani dogon mutum mai ƙyalle ɗaure a wuyan hannun dama, yana yi wa 'yan kasuwar Kano tafinta a shagunan Misirawa. Ukasha ke nan. Shekaru kaɗan da suka wuce, ɗan wasan golf ne.

A Kaduna ya tashi. Mahaifinsa mai ban ruwa ne a filin golf, shi kuwa da ɗaukar wa manya jakar sanduna ya fara. Idan filin ya watse sai ya ari tsohuwar sanda ya yi ta bugu shi kaɗai. Wani tsohon soja, Kanar Badamasi, ya lura da shi, ya ɗauki nauyinsa, har ta kai ya tura shi Masar ya buga kaka guda a wata gasar ƙwararru da ake zagayawa da ita filaye daban-daban a lokacin sanyi. Waɗanda suka ƙare a sama su ne ke samun gurbi a gasa mafi girma.

Farkon kakar ya yi masa kyau. A wani fili na bakin Bahar Maliya ya ƙare cikin na gaba-gaba, ya kira mahaifiyarsa yana dariya. Inna ba ta san yadda wasan yake ba, ta dai ce Allah ya sa a gama lafiya.

A tsakiyar kakar, a wani fili a bayan Alƙahira, ƙwallonsa ta faɗa cikin yashi a gefen ciyawa. Ya kai mata bugu da ƙarfi, ashe akwai dutse a binne. Ya ji ƙarar har cikin haƙoransa. Duk da haka ya ƙarasa wasan.

Hatim, wani Bamisire ɗan wasa da suke ɗaki ɗaya a masauki, ya ga hannun ya kumbura.

"Ɗan'uwa, khalas, ya isa haka, ka tsaya. Ka je a ɗauki hoton ƙashin nan. Kakar baɗi tana nan."

"Kai ne kake da baɗi," in ji Ukasha. "Ni sau ɗaya aka turo ni."

Ya ɗaure hannun, ya riƙa shan maganin kashe zafi, ya ci gaba da fita. Kowane mako sunansa na ƙara yin ƙasa. A gasar ƙarshe, bai kai rabin ramukan wasan ba sandar ta suɓuce daga hannunsa ta faɗi a ciyawa. Ya sunkuya zai ɗauka, yatsunsa suka ƙi rufewa. Ya gaisa da abokan bugunsa da hannun hagu, ya fita daga filin.

Likitan da ya gani daga baya ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce ƙashin ya warke a karkace, da an zo da wuri da an gyara. Ya dafa kafaɗarsa ya ce ma'alish, wato sai haƙuri.

Ba a jima ba Kanar Badamasi ya kwanta ciwo, 'ya'yansa suka karɓi wayarsa, babu kuma wanda ya san da zancen wani ɗan golf a Masar. Ukasha ya koma unguwar Ainu Shams, ya raɓa da wasu ɗaliban Azhar 'yan Katsina a ɗakinsu. Ya ce sai hannun ya ɗan yi ƙarfi zai koma gida. Takardar zamansa ta ƙare yana jira. Jakar sandunan ta daɗe a bayan ƙofa, ɗaliban suna rataya jallabiya a kanta, har ran da ya ba Hatim ita ya ce ya kai wa duk wanda zai yi amfani da ita.

Hatim ya nemi Ukasha ya riƙa bin sa gasa yana ɗaukar masa jaka. Ukasha ya gwada sau ɗaya. Ya ce ba nauyin ne ya dame shi ba, kallon wasu suna bugu ne bai iya ba.

Bara Inna ta rasu. Bai samu zuwa ba. Ɗaliban suka yi masa ta'aziyya, suka sauke mata Alƙur'ani a ɗakin, washegari ya hau jirgin ƙasa ya tafi Ataba saboda akwai baƙi da ke jiransa.

Kwanan baya wata 'yar kasuwa, Hajiya Azara, da ya raka sayen mayafai ta tambaye shi, "Malam, kai me ya kawo ka Masar?"

Ya kalli mai shagon yana naɗe kaya.

"Karatu, Hajiya," ya ce. Sannan ya tambaye ta ko akwai sauran abin da za ta saya.