Bulalar Baturen Kuza

Bayan kakata yana da tabo biyu a jere, daga kafaɗa har ƙugu, kamar layin dogo. Ni nake cuɗa mata baya ina yarinya a Jos, don haka yatsuna sun san shi. Ubanta ne ya yi mata. Baturen Skotland ne mai lura da leburori a haƙar kuza, uwarta kuma mai wankin kuza. Wata rana tana ƙarama ta ruga ta kira shi Baba a gaban wasu Turawa. Ya zaro bulalar dorina ya tsula mata har ta suma. Uwarta ta faɗa kanta, bakin bulalar ya fasa mata ido.

Ɗana ya ɗauko jan gashin mutumin nan. Muna zaune a Sparkbrook, wata unguwa a ƙasar Turawa, babansa injiniya ne, ni kuwa firamare kawai na gama. Ran da malamar nazare ta ce ya ciji wata yarinya har jini, kasa cin abinci na yi.

"Yara duk suna cizo," in ji maigidana. "Ke dai kin cika tsoro."

Ni na san abin da nake tsoro. Kada a ce ba gashi kaɗai ya gada ba.

Yayata, 'yar yayan babana, tana digiri na uku a Manchester. Ita ta tofa yawu a 'yar kwalba aka yi gwajin gano dangi, har ta gano wata tsohuwa, jikar Baturen ta wajen matarsa ta can. Tsohuwar ta ce za ta zo ta gan mu. Na ɗauki yaro muka hau babbar motar haya zuwa Moss Side, unguwar da Yaya ke zaune da ƙaramar 'yarta a Manchester.

Tsohuwar mace ce mai fara'a. Ta shafa kan ɗana tana hawaye. Yaya na fassara mini inda Turancin ya fi ƙarfina. Tsohuwar ta ce kakansu makiyayin tumaki ne a wani tsibiri, yunwa ta koro shi. Da ya koma gida yana ba yara alewa, yana waƙa a coci. Sai ta buɗe jaka ta ce ta kawo mana tsaraba, abin da ya daɗe a rataye a falonsu, wai ado ne na mahaya doki.

Bulalar ce. Ta yi baƙi, ta bushe. Bakinta a tsage yake gida biyu, tazarar daidai faɗin yatsana.

"Yaya, ita ce."

"Yi shiru, ƙanwata, baƙuwa ce."

Kafin in rufe baki yaron ya fizge ta. Ya juya ta sama yana dariya, ya sauke wa 'yar Yaya a wuya. Fatar ta tashi nan take, jini ya tsattsafo. Yarinyar ta ƙwalla ƙara, tire ya kife, shayi ya zuba a kafet. Na damƙe hannunsa na murɗe har ya saki, ya kafa mini haƙori a damtse. Ban sake shi ba. Na rungume shi ta baya, yana shure-shure, ƙeyarsa ta fasa mini leɓe.

Da jinin a bakina na ce, "Yaya, gaya mata. Gaya mata bayan Kaka da idon uwarta. In ba ki faɗa ba zan faɗa da guntun Turancina."

Ta faɗa. Tsohuwar ta toshe baki da hannu biyu.

Na shiga kicin da bulalar, na ɗora a katakon yanka nama. Fatar dorina ba ta yankuwa da sauƙi. Na yi ta sara har wuƙar ta dakushe, na zuba guntayen a shara.

Da na fito, yaron yana lungu yana kallon wuyan 'yar uwarsa. Na miƙa masa auduga da ruwan ɗumi.

"Zo ka goge mata. A hankali."

Ya zo. Ya goge mata, bai danna ba.