Madu Shofer da Hannunsa na Dama

Jiya ina sauke buhunan gishiri a bakin kasuwar Gure da hantsi, ƙanin Fanna ya zo ya tsaya a gefen mota, ya ce mini mijin yayarsa, Madu, ya cika tun asuba. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na ci gaba da sauke kaya, domin mai kanti yana tsaye a kaina, kuma a garin nan ba a tsai da aikin Nasara don mutuwar baƙin mutum. Ko da na isa gidan, har an gama yi masa sutura.

Masu ganina yanzu ina jan kamyo, babbar motar kaya, tsakanin Gure da Damagaram, ba duka suka san na taɓa zama wani ba. Na yi lakwal, makarantar Nasara, na yi shekaru ina tafinta a gaban kumandan. Da aka kawo wani saurayi mai sabuwar takarda, aka ce in koma gida, ko sannu ba a yi mini ba. Masu durƙusa mini jiya suka daina ganina a hanya. Da furfura a kaina na karɓi aikin rakiyar kaya a motar wani mai kanti. Nan na haɗu da Madu, Bamange, tsohon soja, wanda ya koyo tuƙi a wurin yaƙin da ba nasa ba.

Shi kaɗai bai fasa kirana Tafinta ba, kuma ba da ba'a ba. Mutum ne da ba ya busa wa ayarin raƙuma ƙaho. Sai ya tsaya nesa su wuce, ya ce, "Su suka riga mu hanyar." In mun sauka bakin rijiya, ba ya ɗibar wa mota ruwa sai dabbobi sun gama sha.

A fako, inda ƙasa ke da tauri, yakan ce in kama sandar bitas, wadda direbobin Kano ke kira giya. Wannan ƙarfe ba ya shiga da ƙarfi. Sai an taka matakin hagu a fitar da shi, a saki, a ba inji wuta ya ɗaga murya, a sake takawa, sannan a saka. In ka yi gaggawa ko ka yi jinkiri, haƙoran ƙarfe su yi ta cizon juna. Ni kuwa kullum haka nake yi. Madu ya toshe kunne ya ce, "Haba Tafinta, niƙa kake yi mana? Ina masarar?" Sannan ya ce, "Ƙarfe ba a yi masa umarni, lallashinsa ake yi." Na ce masa na tsufa da koyon lallashi. Muka bar maganar.

Wata rana da bazara, a shekarar da aka matsa wa mutane da aikin hanya, muna dawowa daga Damagaram da kaya maƙil. Bayan mun bar Gidigir muka ga mutane kwance ƙarƙashin wata aduwa. 'Yan aikin dole ne da atuni ya kayar, aka sallame su su kai kansu gida. Leɓunansu sun tsage. Wasu ko ɗaga kai ba su yi ba.

Madu ya tsaya ya kashe inji.

Na ce, "Ya Madu, mai kanti ya hana ɗaukar ko akuya."

Ya ce, "To ai ba akuya ba ne."

Muka ɗora su bisa buhuna. Ya ɗauko salkar ruwan da muke ajiye wa inji, ya bi su ɗaya ɗaya har ta ƙare. Na ce masa tudun rairayi yana gabanmu. Ya ce ya sani.

Ya je gaba ya kama ƙarfen da ake wana inji da shi. Ya wana, inji ya yi tutsu, ƙarfen ya dawo da baya ya same shi a wuyan hannu. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Bai yi ihu ba. Ya zauna a ƙasa, ya dubi hannun da ya lanƙwashe inda babu gaɓa, ya ce, "Zo ka wana. Kada ka naɗe babban yatsa a kansa." Na wana da tsoron da ban taɓa ji ba. A karo na biyu mota ta tashi, ni kuwa numfashina ya ƙare. Na san in ta mutu, ba mai sake tada ta.

Na ɗaure masa hannun a ƙirji da rawanina. Ya hau ya riƙe bolan, wato sitiyari, da hagu. Ya ce, "Ƙafafu nawa ne, sanda taka ce. In na ce fitar, ka fitar. Sakawa kuwa ba zan faɗa ba, kafin in buɗe baki lokacin ya wuce. Ka saurari inji."

Muka tunkari tudun da gudu. Mota ta fara hawa, nauyi yana jan ta baya, muryar inji tana dushewa. "Fitar!" Na fitar. Ya ba ta wuta. Na tura sanda, ta ƙi, ta yi wata ƙara da ta ratsa mini haƙora. Na ƙara dannawa da hannu biyu.

"Sake ta! Za ka karya!"

Mota ta tsaya a tsakiyar tudu, ta fara zamewa da baya. Madu yana riƙe da ita da hannu ɗaya, gumi yana ɗiga daga gemunsa, har muka koma gindi. Tururi ya fara fita ta hancin motar. A baya wani yana bugun ƙarfe da tafin hannu, yana cewa ruwa, ruwa.

Na ce, "Ba zan iya ba. Mu jira wata mota."

Ya ce, "Wace? Ta jibi? Waɗannan ba za su kai gobe ba." Ya dube ni, idanunsa sun yi ja. "Sau ɗaya ya rage mana kafin inji ya ƙone. Kai da ka yi shekaru kana jiran Nasara ya ja numfashi ka sa bakinka, ba ka san gaɓar magana ba? Ita ma magana take yi. Jira ta kai aya."

Muka koma baya, muka sake tahowa. Na rufe ido. "Fitar!" Sanda ta dawo tsakiya, sakwaf a hannuna. Inji ya ɗaga murya, ya kai ƙarshe, ya fara saukowa. A nan na tura da yatsu kawai. Ta shige ba ko ƙara. Mota ta yi nishi, ta ci gaba da tono rairayi tana hawa. Kusa da ƙoli ya sake cewa fitar, na sake sakawa. Da muka haye, Madu ya leƙa ta taga ya yi amai, bai ɗaga ƙafa daga matakin wuta ba.

Mun shiga Gure da la'asar. Da muka sauke mutanen, ɗaya ya riga ya cika, ba mu san a wane wuri ba. Sauran sun rayu.

Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma hannun ya warke a karkace, yatsun ba su ƙara damƙar kome ba. Mai kanti ya sallami Madu, ya ce dama ya karya doka. Madu ne ya koma da kansa ya ce a gwada ni, ya yi ta bina a mota ba da ko sisi ba har na iya sauran. Daga baya ya zauna a rumfa yana sayar da kanwa. Manyan garin da yake ɗauko wa saƙo kyauta suna wucewa ta gabansa kamar ta gaban kututture. Jiya na gan su a sahun gaba, suna faɗin halinsa na kirki.

Cikin waɗanda muka ɗauko ban ga ko ɗaya a maƙabarta ba. Ba na zarginsu. Mutanen Gamu ne da Bune, ba su san sunansa ba, shi ma bai tambayi nasu ba.

Ya Allah, Kai ka san sunansa. Ka jiƙan bawanka Madu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwanci, Ka shayar da shi a ranar ƙishirwa. Ka ba Fanna haƙuri, Ka rufa wa 'ya'yansa mata asiri, kada Ka bar su a hannun mutanen garin nan. Mu kuma da muka rage, Ka sa mu cika da imani. Amin.